Furannin da Barewa Ta Ƙi

Yau da safe na tarar da sawun barewa a garkar kawuna marigayi, can bayan Vaulx-en-Velin. Duk furen da na shuka bana ta cinye, sai kara tsaye. Na zauna kan bokiti, na rasa abin yi.

Furannin Kawu ba ta taɓa ci ba, don shi ba ya sayen iri. Daji yake shiga da kaka, ya murje ganye a tafin hannu, ya shinshina. Wata rana ya kai mini wani a hanci, warinsa ya sa ni tari har da hawaye. Ya yi dariya, ya ce, "Ka ji ko? Yadda ka kau da kai, haka ita ma za ta yi." Ya kakkaɓe irin cikin hularsa, muka gauraya da rairayi muka watsa.

Sunan furen Kawu bai sani ba, balle ni. Yau na koma dajin neman furen, na yi ta murza ganye har hannuna ya yi kore. Duk wari ɗaya nake ji.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya ba ka garka a Aljanna, inda barewa za ta wuce ba ta taɓa komai ba.