Direban da Bai Leƙa Ƙarƙashin Mota Ba

Shekara ashirin da tara Sannu-Sannu ya yi yana tuƙa babban mutum guda, kuma ko sau ɗaya bai taɓa murza makulli ba sai ya zagaye motar sau biyu. Ya danna kowace taya da ƙafa, ya zaro sandar duba mai ya goge ta da tsumma, sannan ya shimfiɗa kwali ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. 'Yan uwansa direbobi ne suka laƙaba masa sunan, don ko gobara ce ta biyo shi a baya ba ya wuce tamanin. Bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake sannu ba ta hana zuwa, kuma a tambayi Oga ko shayi ya taɓa zube masa a kujerar baya.

Da aka ƙara wa Oga girma aka mai da shi wata ma'aikata, sai aka haɗa shi da sabuwar mota da direbanta. Ranar rabuwa Oga ya sauka, waya a kunne, ya ɗaga hannu ya ce, "Zan neme ka." Wata goma sha huɗu ke nan. Tun ranar wayar Sannu-Sannu ba ta bar aljihun ƙirjinsa ba. Ko wanka zai shiga, sai ya sa ta a leda ya rataye a ƙusar bayan ƙofa. Duk Lahadi yakan goge farin yunifom ɗinsa, ya mayar da shi sif, kamar gobe da safe za a aiko.

Mijin babbar 'yarsa yana da makarantar koyon tuƙi, motoci biyu da ƙaramin ofis kusa da gidan mai. Sau uku yana zuwa, ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa, yana roƙon surukin nasa ya zo ya koyar. Zuwan ƙarshe ya ce, kansa a sunkuye, "Baba, akwai mai neman gurbin. Na ce masa ya jira zuwa Litinin."

"In Oga ya kira ya tarar ina koya wa mutane ribas, in ce masa me?" in ji Sannu-Sannu. Mutumin ya sa takalminsa ya tafi.

Abin da ke ɗebe masa kewar zaman jira shi ne wani shiri mai dogon zango da ake nunawa duk Asabar ƙarfe biyar na yamma. Labarin wani minista ne da maƙiya suka yi wa ca. Makirci iri-iri: takardun sirri, majalisa, 'yan leƙen asiri masu baƙin tabarau ko a cikin ɗaki. Sannu-Sannu bai taɓa gane wa ke cin amanar wa ba, bai kuma damu ba. Direban ministan yake kallo, wani dattijo mai furfura wanda ba ya magana. A kashi na farko aka nuna shi ya zagaye mota ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, Sannu-Sannu ya miƙe tsaye a falo har ya ture kofin ruwa.

"Kun gani? Wanda ya rubuta wannan ya san aiki!"

Daga ranar ya koma kiran dattijon "ɗan uwana". Ya gaya wa matarsa, ya gaya wa Auta, 'yarsa ta ƙarshe da ke gida har yanzu, ya gaya wa mai aski har mai askin ya haddace, cewa kafin a rufe shirin ministan zai tsaya gaban majalisa ya ambaci direbansa. Manya ba sa manta mai riƙon amana, shiru kawai suke yi sai lokaci ya yi.

Asabar ɗin kashi na goma sha ɗaya, saura ɗaya a gama, ya zauna tun biyar saura kwata. Matarsa tana ninke wanki a kan doguwar kujera, Auta tana ƙasa ta jingina da bango. Aka nuna gidan ministan da safe. Sai ga dattijon ya fito, waya a kunne, yana dariya da wani, shi da ko tari bai taɓa yi a bakin aiki ba. Ya nufi mota kai tsaye. Bai zagaya ba, bai durƙusa ba.

"Kai! Duba ƙasa!" Sannu-Sannu ya daka wa talabijin tsawa.

Dattijon ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya murza makulli. Motar ta tashi da wuta. Ministan, wanda sakatarensa ya tsayar a bakin matakala, ko ƙwarzane bai samu ba.

Sannu-Sannu ya ce a jira, yanzu za a ga halin manya. Aka jira. Aka nuna taro, aka nuna ministan yana dukan tebur yana cewa shi aka nufa. Aka nuna matarsa tana kukan tsoro. Can wajen ƙarshe aka kawo sabuwar mota da wani direba mai gashin baki. Ministan ya shiga baya, ya buɗe fayil, ko kai bai ɗago ba ya ce, "Mu je." Kiɗa ya tashi, sunaye suka fara hawa.

Tsakin da Sannu-Sannu ya ja, sai da kyanwar gidan ta bar falon.

"Tir! Allah wadai da wannan ƙazanta! Mutumin da ya yi kashi goma yana durƙusawa, rana ɗaya ya manta? Ƙarya ce! Sun rasa yadda za su kashe shi ne, suka mai da shi sakarai. Suka ba shi waya, suka sa masa dariya a baki. Masu rubutun nan ko keke ba su taɓa wankewa ba, wallahi."

"Baba, wasa ne fa," in ji Auta.

"Wasa? A kashe bawan Allah kamar sauro, ko gawarsa ba a nuna ba, ko iyalinsa ba a je wa gaisuwa ba, ki ce wasa? Wane irin minista ne wannan? A ina aka taɓa yin babban mutum haka?"

Matarsa ta kakkaɓe zanin gado, ta haɗa bakinsa biyu. Ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa in ta yi ake ji.

"Baban Auta, wajen durƙuson sun yi ƙarya, na yarda. Amma wajen 'mu je' ɗin ban ga ƙarya ba. Ka tuna shekarar da ka aske gemunka?"

Ya tuna. Gemun shekara goma sha biyu ne, ƙurji ya sa likita ya ce a aske. Auta tana ƙarama lokacin, ta gan shi ta fashe da kuka ta ɓuya bayan uwarta. Ya je aiki yana jin kunya, yana shirya amsar da zai ba Oga. Sati ya wuce, wata ya wuce, gemu ya sake fitowa. Oga bai ce komai ba. A lokacin ya dawo gida ya ba da labarin yana dariya, yana cewa Oga akwai kawaici.

Ya koma ya zauna. Shi ya san tarin Oga na mura da tarinsa na fushi, ya san maganin da yake sha bayan azahar, ya san hanyar da ba ya so a bi. Ya lalubi fuskar Oga a ransa, yadda ya saba ganinta a madubin mota, abin da ya samu kawai saman hula ne da bayan jarida. Wata ƙyama ta taso masa, kuma wannan karon ba masu rubutu yake ƙyama ba. Aka kawo abinci, ya ce a rufe.

Ranar Lahadi ya goge yunifom kamar kullum.

Litinin da safe ya fito cikin farin kaya, takalmi yana ƙyalli. Ya shiga sito ya ɗauko tsohon kwalinsa mai tabon baƙin mai, ya kakkaɓe shi, ya maƙale a hammata. Ya ce wa Auta ta sanar da mijin yayarta yana tafe, kada kowa ya taɓa motocin nan kafin ya iso.

Har ya kai bakin ƙofa matarsa ta biyo shi da sauri, tana goge hannu da gefen zani.

"Baban Auta, ka manta wayarka a kan talabijin."

"Ban manta ba," ya ce, ya ja ƙofar.