Tano Goma Sha Biyu da Hancin Dokin Ajidan

Dawaki takwas, buhu goma sha takwas na hatsi, da kwangila guda wadda nake ci da iyalina da ita. Abin da ke kan faifai ke nan a ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, wata safiyar bazara a Buza, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo wannan sana'a bayanmu, domin na ji kuna ta yabon gangunan ƙarfe.

A lokacin ni nake kai abincin dawakin gardi, wato askarawan da ke raka ma'aikata ƙauyukan da mota ba ta shiga. Kowane doki tiya guda a rana, ban da dusa da harawa, buhu shida ke nan a wata. Tsarin aikin ba shi da wuya. Farkon wata in kai hatsi. Ajidan, wanda shi ne babban gardin wurin, ya kwance bakin kowane buhu, ya cusa hannu har gwiwa, ya ɗebo ya duba. In ya gamsu ya sa hannu a takardar karɓa, in kai ta biro, wato ofishin gwamnati, a biya ni. In ya ga kashin kusu ko ƙwaya ɗaya, buhun ya koma gida.

Kusu kuwa, wanda mutanen gabas ke ce wa ɓera, ya mai da mangazata, ɗakin da nake ajiye hatsi, gidan ubansa. A shekara yana cin abin da ya kai buhu biyu, sauran kuma ya bar mini shaida a ciki. Da sanyin waccan shekara ajidan ya mayar mini da buhu uku a tashi ɗaya, ya ce:

"Tsalha, ni dawaki nike kiwo, ba kusu ba. In na sake ganin wanga abu, akwai wani mutumin Tamaske da ke jiran wurinka."

Na tambayi kuɗin ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe. Magini ya faɗi abin da ya fi ribata ta shekara uku. Kawuna Na-Allah na Karofane, wanda sana'arsa ginin rumbun laka ce, ya ce in ba shi wata biyu da abincin masu kwaɓa, ya ɗora mini rumbu a kan duwatsu, baki a sama, in riƙa ajiye hatsin a zangarniyarsa sai ranar buƙata a sussuka. Na yi masa godiya irin ta wanda ba zai dawo ba. Ɗan kwangilar gwamnati da rumbun ƙauye? Ni da nake da agogo a hannu?

A Madawa na samu abin da nake nema. Wani mai sayar da kalanzir ya tara tano, wato gangunan ƙarfe, waɗanda kalanzirinsu ya ƙare. Na sayi goma sha biyu a kuɗin da bai kai na tunkiya biyu ba, aka ɗoro mini su a kamyo, babbar motar kaya. Shuɗin fenti gare su, da rubutun nasara fari a jiki. Na sa aka wanke su sau uku da sabulu da rairayi. Na sa kaina ciki na sansana, ban ji komai ba.

Na kai wa Ɗan Bako maƙeri, sa'ana ne tun muna yara, ya yanke bakunan ya yi musu marfi mai kamawa. Da ya gama sai ya ce:

"To, kawo kara mu cika su mu sa wuta. Ƙarhen da ya sha kalanzir ba ya tuba sai da wuta. Bayan nan a goge da toka."

Na ce, "Fentin fa?"

"Hwentin zai tahi."

"To ba a ƙonawa."

Ya dube ni, ya dubi agogona. "Halan hwenti dawakin za su ci? Kai dai Tsalha tun muna kiwon awaki kake son abu mai ƙyalli."

Na biya shi na kwashe kayana. Na ware hatsin wata mai kamawa, na juye buhu goma sha takwas da suka rage mini, abincin wata ukun bazara, na rufe ruf, na jera tanon a inuwar zana inda mai wucewa zai gani. Kuma gaskiya ita ce sun yi aikin da na saye su dominsa. Wata guda da rabi ko kusu ɗaya bai shiga ba. Nakan ga sawunsu a ƙasa sun kewaya sun koma. Har ajidan ya zo kallo, ya ƙwanƙwasa ɗaya da sandarsa, ya ce zai ambace ni a rahotonsa a matsayin mutum mai fahimtar zamani.

Ranar da na fara kai hatsin tano, ajidan ya cusa hannu cikin buhu shida ɗaya bayan ɗaya. Tas, ba kashi, ba ƙwaro. Mutum ne mai shaƙar garin taba, hancinsa ya daɗe da yin ritaya. Ya sa hannu, ya miƙo mini takarda, har da cewa, "Ka ga aiki!" Ni ma a ranar na ɗan ji wani abu da na buɗe marfi, amma na ce wa kaina warin ƙarfe ne da ya sha rana.

Ina ɗaure igiyar jakina aka ɗebi hatsin a kasko aka kai wa dokin ajidan, wani akawali mai faɗin ƙirji wanda aka ce ko tsumma aka ba shi ci yake. Ya sa baki. Ya ɗago. Ya yi firji, ya sa ƙafa ya kifar da kaskon, ya juya mana baya. Aka zuba wa na biyu, ya ƙi. Har na takwas. Kashegari kuma za su tashi rangadi wajen Keita, tafiyar kwana shida cikin duwatsu.

Wani gardi ya ɗebi hatsin ya tauna, ya tofar. "Ajidan, wanga hatsi in an sa mai lagwani kamawa zai yi."

Ajidan ya dubi takardar da ke hannuna. A bisa tsari na fita: ya duba, ya karɓa, ya sa hannu. In na kai ta biro sai an biya ni, shi kuma ya san yadda zai yi bayani a sama. Dukanmu mun san haka. Na kuma san cewa wata mai zuwa ba za a kira ni ba. Sai na miƙa masa takardar na ce:

"Ranka shi daɗe, riƙe wagga. Kahin azahar gobe dawakinka sun ci."

Ya ce, "Rangadi na iya jiran yini guda. Ba ya jiran biyu."

Da la'asar na isa Karofane. Na tarar da Kawu a gindin rumbunsa yana gyaran tsani. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Bai yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya hau, ya ɗaga marfin, ya jeho mini zangarniya guda ta hatsin shekara uku, ko tabon haƙori babu.

"Ɗana, zan saishe ka, amma kuɗin kasuwar yau, ba na kaka ba. Zumunta tana nan inda take, ba ta shiga awo. Kuma ka aiko man tano biyu, innarka na son abin tara ruwa. Sai dai ka hwara kai su wurin Ɗan Bako."

Matan gidan da na maƙwabta suka hau sussuka. Da hantsin kashegari buhu shida suna bariki, akawalin nan ya ci har yana lumshe ido. Sauran goma sha biyun na biyo kasuwanni na haɗa su a tsadar bazara.

Hatsin tano kuwa na shanya shi, na sheƙe, na wanke. Matata ta gwada fura da shi, ta ce kamar ta lashi fitila. Da ruwa ya sauka na sayar da shi ga masu neman iri a rubu'in kuɗinsa, bayan na faɗa musu abin da ya same shi. Ɗan Bako ya ƙona tano goman da suka rage, yana yi yana tambayata ko in ajiye tokar fentin don tarihi. Baƙaƙe ƙirin suka fito, na kuma yi shekara tara ina zuba hatsi a cikinsu ba dokin da ya juya mini baya. Kawu ya gina mini rumbu a kakar da ta biyo.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a mai sa hannu daban, mai ci daban, kuma mai cin ba ya karanta takarda. In za ku gwada sabon ma'aji, ku fara ba dabba kafin ku kai wa mutum.

Ga yadda abin ya tashi. Kwangila ta tsira. Tano biyu sun tafi Karofane. A rahoto ba a ambace ni ba. Kusu, wanda na tashi yaƙa, buhu biyu yake ci a shekara. Shuɗin fenti ya ci goma sha takwas a wata guda da rabi.