Baba Samnang da Rubutunsa na Kan Kaba

Ranar Talata da hantsi ina shanya a baranda, Ummu Sayyid, matar mai gadin gidanmu, ta hawo tana haki ta ce tsohon nan na hawa na uku ya rasu a asibiti. Ta ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, ta sauka. Na daɗe riƙe da jiƙaƙƙen zane, na rasa inda zan rataye shi.

Sunansa Samnang, mutumin Kambodiya, mu kuwa Baba muke ce masa. Ya yi ƙuruciyarsa a gidan ibadar mabiya Buddha, ya ƙware a tsohon harshen littattafan addininsu, daga baya ya fito ya yi aure, ya zama mai fassara su. Ya kuma rubuta labarai da jaridu ke bugawa kashi-kashi. Taron marubuta ya kawo shi Alƙahira, yana nan yaƙi ya ci birninsu, hanyar gida ta toshe. Matarsa ta mutu a can, aka ƙone littattafai har da nasa. Sai ya zauna yana koyar da Faransanci a wata makaranta a unguwar Ma'adi.

Faransancin ne ya haɗa mu. Na zo amarya daga Damagaram, maigidana Malam Lawali yana wuni a jami'a, ba ni da abokan hira sai ƙananan littattafan soyayya. Wata rana Baba ya same ni a matakala ina share hawaye a kan littafi, ya tambaya wa ya mutu. Na ce ba kowa, rabuwa suka yi. Ya ce marubucin da ya sa na manta tukunya a wuta ya san aikinsa. Bai taɓa raina abin da nake karantawa ba.

Shi da maigidana sukan yi muhawarar addini a kan shayi, ba wanda ya taɓa kayar da wani. Amma da an kira salla shi ke fara yin shiru, ya ce, "Yalla, tashi Malam, ana jiranka."

Baba yakan baza ganyen kaba a saman bene ya sha iska, wanda wani ɗan Aswan ke kawo masa. Da na gani kewar gida ta kama ni, na ɗebi kamar goma, na tsaga, na saƙa mafici, har na kai masa kyauta. Ya juya shi a hannu. Sannan ya kwaɓa baƙin tukunya da mai, ya shafa a gefe guda, ya goge da tsumma. Sai ga haruffa sun fito jere. Ashe a al'adarsu da tsinken ƙarfe ake kartar rubutu a ganye, ba ya bayyana sai an shafa baƙi. Littafinsa da ya fi so, wanda aka ƙone, shi yake sake rubutawa da ka, ni kuwa na saƙe masa babi guda.

Na durƙusa ina kuka. Ya ce, "'Yata, wancan karon wuta ta ci, ba wanda ya amfana. Wannan karon ai zai kori zafi."

Ya sake rubuta babin, ya ce hukuncina shi ne daga ranar ni ce mai shafa baƙi. Da izinin maigidana na shekara biyu ina yi. Duk ganyen da na goge sai ya ba ni labarinsa: wata malamar makaranta ce da wani mai kwalekwale. Na yi ta roƙonsa ya aurar da su. Ya ce idan ya yi musu ƙarya don in ji daɗi yau, gobe ba zan ƙara yarda da shi ba.

Kwana biyu da rasuwarsa mai gidan hayar ya turo a kwashe ɗakin. Ƙunshin ƙarshe ba a shafa masa baƙi ba, masu kwasar suka jefa shi cikin shara. Malam Lawali ne ya tsamo shi. Na wuni uku ina shafawa ina gogewa har haruffan suka fito duka. Ba na karanta harshensu, don haka ban san yadda malamar da mai kwalekwale suka ƙare ba. Na dai san littafin ya cika, kuma ta hannuna ya fito. Jiya muka aika shi Faransa ga Sopha, 'yarsa guda da ta tsira.

Na tambayi maigidana abin da ya halatta in roƙa wa Baba. Ya ce in bar lamarinsa ga Allah, Wanda ba Ya zaluntar kowa. Na bar shi a can, ina mai shaida cewa maƙwabci ne nagari.

Allah Ya ba Sopha haƙuri, Ya raya zuriyarta. Allah Ya tausaya wa mutanen ƙasarsu, Ya sanyaya musu bayan wannan wuta, Ya kai littafin hannun masu iya karanta shi. Mu kuma Ya sa mu cika da imani. Amin.