Lambar Takun Murdo Gillies

Da safiyar Talata, sha huɗu ga Janairu, matarka Ishbel ta bugo mini waya ta ce ka rasu, Murdo. Kana da shekara saba'in da shida. Mutumin da ya yi hunturu arba'in yana kwana a tanti kan duwatsun ƙanƙara na Cairngorm, sai ga shi ya cika a gado, bargo har wuya.

Ban saba yabon matattu ba. Na halarci jana'izar da aka mayar da azzalumai waliyyai, har na daina zuwa. Shekara talatin na koyar da ilimin taswira, ranar da aka sallame ni aka miƙa mini agogon bango, aka ce ai yanzu waya ke nuna hanya. Kai kuwa wasiƙu ka yi ta rabawa gida-gida, makarantarka ba ta yi nisa ba. Na raina ka da farko, kuma ka sani.

Duk mai shiga hazo yana da lambarsa: taku nawa na ƙafar dama ke kai shi mita ɗari. Kana rataye da igiya mai 'ya'yan katako goma, duk mita ɗari ka ja ɗaya. Abin da ya ba ni dariya shi ne kowace kaka sai ka tafi filin ƙwallo ka sake awo. Da tsufa ya rage tsawon takunka, sittin da uku ta zama saba'in, ta zama tamanin da ɗaya, kana faɗa ba kunya. Ni tawa sittin da biyu ce tun ina jami'a, kuma na ƙi taɓa ta.

Hunturu takwas ke nan da muka wayi gari a kan tudu, tantinmu ya daskare kamar kwano. Muka sha kunun hatsi, muka goya jakunkuna. Hazo ya haɗe sama da ƙasa, fari fat, ko takalminka ba na gani sosai. Sai mun yi mita ɗari biyar arewa mu wuce bakin kwazazzabo kafin mu karya gabas. Ina gaba, na cika lissafina, na juya. Sai na ji ka damƙe jakata ta baya.

"Farfesa, ƙafafun da ka yi digiri da su ai sun yi ritaya. Saura ɗari."

Na fara yi maka lacca a kan ma'aunin taswira. Ba ka sake ni ba, ka ce in zauna mu sha shayi, in ya so in ci gaba da wa'azin. Muna cikin sha iska ta yaye hazon. Taku huɗu gabanmu leɓen ƙanƙara ne da iska ta gina a kan sarari, ba komai a ƙarƙashinsa. Can ƙasa gajimare ya cika kwari kamar teku, kawunan duwatsu sun leƙo, rana ta zuba musu ja. Inuwarmu ta faɗa kan hazon, doguwa, bakan gizo ya kewaye kanta. Ban taɓa jin ƙanƙantata irin ta ranar ba. Kai dai ka cire hula. Har ka koma ga Mahaliccinka ba ka ba kowa labarin nan ba, ko a mashaya da ake neman abin dariya.

Bayan jana'iza Ishbel ta damƙa mini igiyar, ta ce kai ka ce a ba ni, wai na san abin da zan yi da ita. Jiya na je filin ƙwallon, sanyi na cizon kunne, na taka daga wannan baki zuwa wancan sau uku. Tamanin da huɗu, Murdo. Na fi ka tsufa ashe.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yaye maka hazon da ke gabanka kamar yadda ya yaye mana a kan tudun nan. Ishbel, da 'ya'yanku Struan da Catriona, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Ni kuma ya ba ni ikon faɗin lambata ta gaskiya a sauran tafiyar da ta rage mini.