Abin da Irimiya Ya Sa wa Hannu

Magdalene tana da teburi a wani shagon kwamfuta kusa da ƙofar jami'a a Gidan Kwano, inda take buga wa ɗalibai takardunsu. Da sikila aka haife ta. Tun tana ƙarama dangi suka gama yanke mata ba za ta kai ashirin ba. Ta kai, ta wuce, har ta auri Irimiya, direban bas a hanyar Bida, wanda gwaji ya nuna jininsa lafiya lau.

Ciki uku ta yi, duk suka zube kafin wata huɗu, kowanne da maganar da ya jawo mata. Matan zumunta a coci suka ce ta ƙara bangaskiya. Surukarta kuwa cewa ta yi, jikin da duk damina sai ya kwanta asibiti, ina zai iya riƙe ɗa?

Na huɗu ya kai wata bakwai. Ta ajiye aiki, ba ta taɓa fashin awo ba, magani kuwa ko sau ɗaya ba ta tsallake ba. Wata Laraba da hantsi ciwo ya taso mata daga ƙugu, jini ya ɓalle. Aka shiga da ita tiyata ba ta san inda kanta yake ba. Jaririyar da aka ciro mace ce, ba ta zo da rai ba. Jinin ya ƙi tsayawa, likita ya fito ya ce wa Irimiya ko a cire mahaifar ko a rasa uwar. Ya sa hannu.

Ba wanda ya gaya mata. Sai a kwana na biyar wata nas, tana wanke mata ɗinki, ta ce ai yanzu ta huta da wahalar ciki har abada.

Da Irimiya ya shigo da kunu ta tambaye shi. Bai musa ba.

"Da ban sa hannu ba, da kin mutu, Magdalene."

"Na sani," ta ce. "Amma kwana biyar ina ce maka in na warke za mu sake gwadawa, kana gyaɗa mini kai."

Bayan wata uku ta koma teburinta. Suna nan tare a Dutsen Kura. Tana yi masa girki, yana kai ta asibiti in ciwo ya tashi, unguwa na yabon haƙurinsa. Ba ta taɓa cewa ya yi laifi ba, ba ta kuma yi masa godiyar da kowa ke jira ba. In aka gayyace su bikin suna, shi kaɗai ke zuwa.