Matar da ke juya Baba

Assibi 'yar Zangon Kumasi ce, gajeriya mai ƙarfin hannu. Shekararta goma sha ɗaya tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a bayan titin Wendover da ke garin Greensboro, inda muka kai Baba da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Aikinta wanka, canza zanen gado, da juya marasa lafiya duk bayan awa biyu, don kada fata ta ɓare a inda nauyin jiki ya danne.

Ni kuwa Rahama, 'yar da Baba ya haifa, ko ganinta ba na son yi. Kishi ne wallahi, ba zan ɓoye ba. In tuƙa tuwo, in ɗauko mota tun daga McLeansville, ya yi loma biyu ya kau da kai. Ita tana shigowa da Hausarta ta 'yan Gana, "Alhaji, yau wane gefe za mu?" sai ka ga haƙora waje. Har "'yata" yake ce mata. A gabana fa!

Na samu manaja na ce bai dace mace ta riƙa taɓa jikin dattijo Musulmi ba, a ba shi namiji. Na sa hannu a takarda, aka mai da ita wani sashe.

Namijin da aka kawo, mutum ashirin ne a wuyansa. In ya tambaya, Baba ya ce lafiya lau, alhamdulillahi, don bai saba kai kuka ba. Ni kuma ina zan iya ɗaga rigar mahaifina in duba? Sati biyar, sai wari ne ya tona asiri. Gyambo a ƙugunsa har ƙashi, aka wuce da shi asibiti.

Lauyan da na ɗauka don yin ƙarar gidan ya ce takardata ba ta wanke su ba, kula da fatar Baba nauyinsu ne ko wa ke aiki. Amma sai an samu ma'aikacin da zai ba da shaida. Da rana tsaka na je gidan Assibi a East Greensboro.

"Anti Assibi, na zo roƙo ne."

"Zan faɗi abin da na sani, ko su kore ni," in ji ta. "Kin duba dugadugansa?"

Na ce ban duba ba. Ta yafa mayafi ta riga ni shiga mota.

A asibiti ta yaye bargon ba wani jan jiki, ta ce, "Kama kafaɗarsa." Na kama. Ban san ya rame haka ba sai da ƙashin ya taɓa tafina. Muka juya shi tare, ya buɗe ido a hankali.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. Ita yake kallo.