Kunun kanwar surukata

Ni ban yi boko mai nisa ba. Abin da na sani shi ne mashin, shekara da shekaru ina kabu-kabu tsakanin Zuru da Ribah har bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Amma akwai karatu guda da na yi da girmana, a tsaye, a bakin gadon asibiti.

Shekarar da maiɗakina ta haifi autanmu ne, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garin ba. Haihuwa lafiya lau, aka yi suna aka watse. Bayan 'yan makonni ƙafafunta suka fara hawa, silifas ya ƙi shiga. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta dafa bango tana haki. In ta kwanta sai tari, ta zabura ta zauna ta ce numfashi na ƙwace mata. Na goya ta a mashin, ƙanwata ta tare ta ta baya, sai asibiti.

Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa har cikin huhu. Ya faɗa ya wuce. Wadda ta tsaya da ni wata nas ce, dattijuwa, matar tsohon soja, kowa Sista yake ce mata. Ranar sallama ta kama babban yatsana ta ɗora a ƙwaurin matata.

"Danna. Ka danna mana, ba gwanda ba ce da za ta fashe."

Na danna, na ɗaga. Wurin ya lotsa kaɗan ya dawo.

"Kullum da safe ka yi haka. Ran da ka ga rami ya zauna, ko ya hau zuwa gwiwa, ruwa ya dawo, ka kawo ta. Kada ta kwanta a shimfiɗe, a tokare bayanta. Ƙwayar fitsari da safe, kuma kada ka ga ta ji sauƙi ka ce an gama. Gishiri ɗan mitsitsi, magi babu. Kanwa kuwa ko warinta, ita ma jan ruwa take kamar gishiri. Wankan tafasasshen ruwa a bar shi, zafi na sa zuciya gudu. Wa ke mata jego?"

Na ce, "Innarta, daga Mahuta ta zo."

Sista ta dube ni ta girgiza kai. "To direba, kai ke da aiki."

Gaskiya ta faɗa. Tun da na auri ɗiyar matar nan ban taɓa kallon tsakar idonta ba. A tsugune nake gaishe ta, ba na cin abinci a gabanta, ita kuma ba ta kama sunana. Duk yaranmu ita ta yi musu jego, da kunun kanwa safe da yamma, da ƙatuwar tukunyar ruwa da ganyen darbejiya. Yanzu ni zan buɗe baki in ce mata abin da take ba ɗiyarta shi zai kashe ta?

Na bi ta gefe. Na cika buhu da ƙaiƙayi na tokare bayan matata, wannan ba wanda ya hana. Na ce ta gaya wa Inna da kanta, ta ce, "Malam, ni in ce wa Inna a'a? Da wane bakin?" Na tura ƙanwata, ta dawo da kunne ya sha zafi. Aka dai rage zafin ruwan wanka, amma batun kunu shiru. Ina kan hanyar Ribah hankalina na gida. Wata rana saura kaɗan in hau kan jaki, fasinja ya doke ni a kafaɗa ya ce, "Malam, in lahira za ka sauke ni nan, ni kasuwa zan je."

Sai wata safiya na danna, rami ya zauna. Na matsa sama na danna, nan ma ya zauna. Na shinshina kofin da ke ƙarƙashin gado, kanwa ce. Na fita na tada mashin, ban kai tasha ba na juyo.

Na tarar da Inna zaune a bakin gado da kwano da ludayi, matata na karɓa tana haki tsakanin kurɓa da kurɓa. Na tsuguna a bakin ƙofa, kaina ƙasa.

"Inna, ki gafarce ni."

Ba ta juyo ba. Da jaririn ta yi magana. "Kai ɗan ga, gaya wa mai mashin, da kunun ga na tashi ɗiyana duka. In ba kanwa, nono daga ina? Daga tankin mai?"

"Inna, ba ni da ta cewa. Ki dai danna ƙafarta da yatsanki."

"Yau baki ya buɗe ke nan."

Amma ta danna. Yatsan ya nutse, ta cire, rami na kallonta. Ta ce, "Ai sanyi ne ya shige ta. Don shi ake ba da kunun."

Na ce, "To mu je ki faɗa wa Sista sanyi ne. In ta yarda, ni da kaina zan sayo kanwar."

Ta ce ita ba za ta hau bayan suruki ba ko sama za ta faɗo. Na kira wani abokin sana'a ya ɗauke ta, ni na ɗauki matata, ina jin numfashinta a wuyana kamar zuga-zugin maƙeri.

Aka ba ta gado, aka yi mata allura. Ni ina baranda ina jin muryoyinsu, Inna sama, Sista sama. Da na leƙa ta taga sai na ga Sista ta saƙala wa Inna abin sauraren ƙirji a kunne, ta ɗora bakinsa a bayan matata. "Kin ji, Mama? Kamar ana murza gashi? Ruwa ne, a inda iska ya kamata ta zauna." Inna ta daɗe tana saurare.

Da aka sallame mu, kunun ya koma na tsamiya. Inna ta ƙulle sauran kanwar a tsumma ta ajiye a kan sirdin mashina, ta ce wa jaririn, "A kai wa awaki. In nono ya ƙafe kuma, mai mashin ya shayar da kai."

Nono bai ƙafe ba. Zuciyar ce ba ta koma daidai ba har yau, matata ba ta daka, ba ta ɗaukar tulu, ƙwaya ba fashi. Inna ta rasu, autan ya fi ni tsawo. Kullum kafin in tada mashin sai na tsuguna na kama ƙwaurin matata. Takan ce, "Malam, ƙafa ce ko burodi?" Ba na amsawa sai na ga wurin ya cike.